Doha: Me ake koya wa masu sasanta rikicin filaye da ruwa da ma'adinai?

Ranar 14 ga watan Yulin 2011, gwamnatin Sudan da ƙungiyar 'yan tawaye ta LJM, ƙarƙashin jagorancin Tijani Sese, suka rattaba hannu a birnin Doha kan yarjejeniyar da aka yi fatan za ta kashe wutar yaƙin Darfur. Cikin abubuwan da ta tanada har da hukumar kula da filaye, domin masu shiga tsakani sun san cewa gona da rijiya da hanyar kiwo na daga cikin tushen rigimar.

Manyan ƙungiyoyin 'yan tawaye sun ƙaurace wa yarjejeniyar, batun filaye bai warwaru ba, kuma a 2023 yankin ya sake afkawa cikin yaƙi. Darasin da masana suka ɗauka shi ne, rabon muƙamai ya fi rabon ƙasa sauƙi.

Me ya sa Doha?

Kundin tsarin mulkin Qatar ya ambaci warware rikice-rikice cikin lumana a matsayin ginshiƙin manufofinta na waje. A Doha ne ɓangarorin Lebanon suka sasanta a 2008, a can ne gwamnatin riƙon ƙwaryar Chadi ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin 'yan tawaye fiye da 40 a watan Agustan 2022. A watan Yulin 2025 kuma gwamnatin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo da ƙungiyar M23, wadda ke riƙe da Rubaya mai arzikin ma'adinin koltan, suka sanya hannu kan ƙa'idojin sulhu a birnin.

Qatar ita kanta ta ɗanɗana irin wannan taƙaddama. Tana raba rijiyar iskar gas mafi girma a duniya da Iran, sannan sai da Kotun Duniya ta raba gardama tsakaninta da Bahrain a 2001 kan tsibiran Hawar da iyakar teku.

Daga wannan gogewa ne aka fara gina ilimi. Cibiyar Nazari Mai Zurfi ta Doha, wadda ta karɓi ɗalibanta na farko a 2015, tana ba da digiri na biyu a fannin sasanta rikici da aikin jinƙai. A 2016 aka buɗe wata cibiyar bincike kan rikice-rikice da ayyukan jinƙai a birnin.

Me ya bambanta rikicin albarkatu?

Wani rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 ya gano cewa aƙalla kashi 40 cikin 100 na yaƙe-yaƙen cikin gida a shekara 60 da suka gabace shi suna da nasaba da albarkatun ƙasa. Ya ƙara da cewa yiwuwar irin wannan rikici ya dawo cikin shekara biyar ta ninka ta sauran.

Saboda haka ne Majalisar ta fitar da littafin jagora ga masu shiga tsakani a 2015. Abu na farko da yake koyarwa shi ne tantance abin da ake jayayya a kai: mallaka ce, ko damar amfani, ko ikon yanke shawara, ko kuwa rabon kuɗin shiga. Makiyayin da ke neman ratsawa zuwa mashaya ba mallakar gona yake nema ba. Wanda ya kasa rarrabe waɗannan zai kawo maganin ciwon da ba shi ne ke damun mutane ba.

Na biyu shi ne haɗa masu jayayya su binciki gaskiya tare. Idan ɓangarorin biyu suka tsaya a kan taswira ɗaya, suka auna ruwan rijiya tare, zargi kan ragu. Na uku shi ne duba waɗanda ba su sami kujera a teburin ba, kamar mata masu ɗiban ruwa da itace, da masunta, da makiyayan da ba sa gari lokacin da ake zama.

Ina ruwan ƙasar Hausa?

A Darfur, tsarin hakura ya ba wasu ƙabilu filaye tun zamanin sarakunan Fur, yayin da wasu makiyayan raƙuma ba su da shi. Dattawan da ake kira ajawid ne ke sasantawa, har gwamnatin Numeiri ta rushe mulkin gargajiya a farkon shekarun 1970. Da farin 1984 ya zo, sai ya tarar babu mai raba faɗa.

Labarin ba baƙo ba ne a Arewacin Najeriya. Dokar gandun kiwo ta 1965 ta keɓe makiyaya, amma gonaki da gine-gine sun cinye burtali da dama. A Zamfara zinare ya shiga lissafi: gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a 2010, kuma a 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar saboda ta'addancin 'yan bindiga.

Nijar ta bi wata hanya. Bayan kisan da aka yi a Toda da ke jihar Maradi a 1991, inda mutum fiye da 100 suka mutu a rikicin manoma da makiyaya, ƙasar ta kafa dokar karkara a 1993. Dokar ta samar da kwamitocin filaye da ke haɗa sarakuna da jami'an gwamnati da wakilan manoma da makiyaya, suna shata burtali, suna rubuta shaidar mallaka.

Iyakar horo

Masu suka na cewa shaidar karatu ba ta tsayar da wanda ke cin riba daga rikici, musamman inda zinare ko koltan ke sayen makamai. Akwai kuma tazara tsakanin ɗakin taro a Doha da fadar mai gari, inda ake biyan diyyar ɓarnar gona kafin jini ya zuba.

Abin da tarihin Darfur da Toda ya nuna shi ne, horon ya fi amfani idan ya isa ga hakimi da arɗo da sarkin noma da alƙali, waɗanda ƙara ke fara zuwa gabansu da kaka, lokacin da garken shanu ke gangarowa kudu alhali amfanin gona bai gama shiga rumbu ba.