Shin Ko Kun San? Tsofaffin Gatawa a Shekarar Korona

Shin ko kun san cewa azumin 2020 ya kama ne a ƙarshen Afrilu, daidai lokacin da korona ta shigo jihar Sakkwato? Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci, ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, ta nemi a dakatar da tafsiri da asham cikin jam'i. Ga dattijon da ƙarfin noma ya ƙare masa, masallaci da gaisuwar mutuwa da ranar kasuwa su ne inda yake ganin tsaransa.

Ko kun san a Kano an ƙirga mutum 979 da suka rasu cikin 'yan makonni a bazarar 2020? Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce sama da rabi na da alaƙa da cutar, kuma yawancinsu sun haura shekara 65.

An hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa 1 ga Yuli. 'Yan ci-rani da dama sun maƙale a kudu ga damina ta kawo kai, iyaye na gida suna zuba ido. Iyakar Nijar kuwa tun Agustan 2019 take rufe, sai Disamban 2020 aka buɗe ta Illela, alhali Bagobirin Sabon Birni da na Tibiri ta Nijar dangin juna ne.

Sai dai a ƙasar Gatawa da ke Sabon Birni, bindiga ta fi cutar raba mutane. A watan Afrilun 2020 kaɗai, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kimanin mutum 23,000 daga Sakkwato da Zamfara da Katsina sun tsallaka Nijar. Ranar 27 ga Mayu 'yan bindiga suka kashe sama da mutum 70 a Garki, Ɗan Aduwa, Kuzari, Katuma da Masawa. Idan gari ya watse, mai ƙafa ne ke gudu. Tsohuwar da gwiwa ta hana ta tafiya, ko dai ta zauna ita kaɗai a kango, ko a kai ta inda ba wanda ya san ko 'yar wane ce. Wannan kaɗaicin ya fi damuna, domin babu ranar da za a sanar an ɗage shi.

A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa. Ko muryar jika ta daina zuwa.

Ko kun san kaɗaici kansa cuta ne? A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya kwatanta illar rashin cuɗanya da shan karan sigari har 15 a rana. Ingila ta naɗa minista kan kaɗaici a 2018, Japan a 2021. Najeriya ta yi dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi a 2018, amma sai 2021 aka naɗa mata shugabanni.

Batun aikin Hajji ma ya taɓa tsofaffi. A 2020 da 2021 ba maniyyacin da ya tashi daga Najeriya, da aka buɗe a 2022 kuma Saudiyya ta ce ban da wanda ya haura shekara 65.