Fitsarin Kwance Ba Ganganci Ba Ne

A gidaje da yawa an yi ittifaƙi cewa yaron da ya kai shekara shida ko bakwai yana fitsarin kwance, lalaci ne ke damunsa. Hujjar iyaye tana da kama da gaskiya. Sukan ce da rana ai yana riƙewa, ran da ya kwana gidan kakarsa bai yi ba, kuma su ma da bulala aka raba su da shi. Daga nan sai duka, ko a ɗora masa tabarmar a ka, yara su bi shi da waƙa, wani wurin har a ɗaura masa kwaɗo a ƙugu. Uwar da ke wankin zani kowace asuba ba mugunta ke sa ta haka ba, gajiya ce da son ɗanta ya zama kamar sauran yara. Sai dai hujjojin nan ba su tsaya da ƙafarsu ba.

Riƙon rana daban, na dare daban. Cikin dare jiki kan ƙara fitar da wani sinadari da ke sa ƙoda ta rage yawan fitsari. Wasu yaran wannan tsari bai gama nuna a jikinsu ba, sai mafitsara ta cika tun tsakar dare, ga kuma barci mai nauyi da cikar mafitsarar ba ta tashe su daga shi. Wanda bai farka ba, ina ya ga damar yin ganganci? Wannan ne ma ya sa a baƙon wuri yakan tashi a bushe: barcinsa bai yi nisa ba. Likitoci ba sa kiran abin matsala sai yaro ya kai shekara 5, kuma a wannan shekarar kusan yaro 15 cikin 100 suna yi. Yana kuma bin jini. Idan uba ko uwa sun yi a ƙuruciya, ɗansu ya fi kusa da yi.

Batun bulala kuwa, kusan kashi 15 cikin 100 na masu yi kan daina da kansu kowace shekara, ko an taɓa su ko ba a taɓa su ba. Wanda aka daka yana shekara takwas ya daina yana tara, girma ne ya warkar da shi, bulala ta karɓe yabon. Abin da duka ke bari shi ne tsoro da ɓoye jiƙaƙƙen wando.

Inda na fi so iyaye su duba shi ne cikin yaron. Ƙarshen hanji yana jingine da mafitsara. Yaron da ke tsoron ramin masai, ko yake ƙyamar makewayin makaranta, yakan matse bayan gida har ya yi tauri, ya taru, ya danne mafitsara ta kasa ɗaukar abin da ta saba. Wani lokaci mai ruwa-ruwa ya zagaye mai taurin ya ɓata wando ba tare da yaron ya ji ba, a ce ƙazanta ce. Sau da yawa idan aka warware taurin, fitsarin kan ragu, wani ma ya tsaya. A zaunar da shi kan fo na minti biyar bayan cin abinci, a yawaita masa gwanda, wake da zogale. Hana shi ruwa tun la'asar ƙara taurin yake yi, balle a zafin bazara. Ya sha ya ƙoshi da rana, a rage dab da barci, ya yi fitsari kafin ya kwanta.

Akwai kuma inda jira bai dace ba. Yaron da ya yi wata shida a bushe sannan ya dawo yi, ko yake yawan jin ƙishirwa yana ramewa, ko yake kuka da zafin fitsari, ko ake ganin jini irin na tsargiya, a kai shi asibiti a gwada fitsarinsa, don ciwon suga kan fara bayyana da dawowar fitsarin kwance, yawan ƙishirwa da ramewa. Masu sikila, waɗanda muke da su da yawa a ƙasar Hausa, ƙodarsu ba ta iya rage ruwan fitsari yadda ya kamata, shi ya sa fitsarin kwance ya yawaita a cikinsu. Irin wannan yaro idan aka hana shi ruwa don a tsare katifa, ciwonsa ake tayarwa.