Ƙurar Gidan Kwano da Ƙirjin Mai Asma: Wane Takunkumi Ne Ya Dace?

Idan mutum ya tsaya da sanyin safiyar hunturu a shataletalen Kpakungu da ke Minna, inda hanyar Bida ta soma, abin da zai fara lura da shi shi ne rana ta fito amma ba ta da kaifi. Sama ta yi fari kamar an watsa mata toka, ga tankokin mai da tireloli na bin juna a kan hanyar da ta shafe shekaru ana aikinta, kowace ta wuce sai ta bar jar ƙura a bayanta. A cikin wannan yanayi ne ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983, ke cusa kansu cikin motocin haya da Keke Napep zuwa Gidan Kwano, mazaunin jami'ar na dindindin. A cikinsa ne kuma ma'aikatan hedikwatar NECO, ita ma tana kan wannan hanya, ke nufar ofis. Mai lafiya zai yi atishawa biyu ko uku ya wuce abinsa. Mai asma kuwa, wannan 'yar tafiya kan iya zame masa sanadin kwana a zaune.

Ɗan yayata yana cikin waɗannan ɗalibai, kuma tun yana ƙarami yake fama da asma. A hunturunsa na farko a can, mahaifiyarsa, wadda ke aiki a wata ma'aikata a nan Abuja, ta aika masa da takunkumi guda shida na baƙin yadi mai kauri, ruɓi biyu, bisa tunanin da yawancinmu muke da shi cewa kauri shi ne kariya. Yaron ya riƙa sa wa idan zai fito daga ɗaki, amma da zarar keke ya shiga inda ƙura ta fi turnuƙewa, yadin ya jiƙe da tururin bakinsa ya manne masa a hanci, sai ya ja shi ƙasan haɓa domin ya sami sarari. Wato yana cire shi ne daidai wurin da aka saya masa domin shi. Sau biyu a wata guda abokan zamansa suka kai shi asibiti cikin dare.

Kuskuren da yayata ta yi ba nata ba ne ita kaɗai, gadonsa muka yi daga zamanin korona. Tun bayan da aka tabbatar da ɓullar cutar a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, aka rufe Abuja a ƙarshen Maris, aka ce ma'aikata daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna a gida, takunkumi ya zama tamkar katin shiga ofis. A Janairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta tilasta sa shi a bainar jama'a. Teloli suka ɗinka na atamfa da na shadda, wasu har da wanda ya dace da launin hula. Manufar wancan lokaci ita ce kada feshin bakinka ya kai ga na kusa da kai, kuma kusan kowane ƙyalle yana taɓuka wani abu a kan hakan. Mai asma a hunturu buƙatarsa ta sha bamban. Abin da yake so shi ne kada abin da ke waje ya shiga huhunsa, kuma ya yi hakan ba tare da ya ƙara wa ƙirjin da dama a matse yake wani nauyi ba.

Ƙurar ma iri biyu ce. Akwai wadda tayoyin mota ke tayarwa, mai gwaɓi, wadda ake gani a gashin ido da kan takalmi. Gashin hanci da majina suna tare kaso mai yawa nata. Akwai kuma wadda iskar arewa maso gabas ke ɗaukowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki wanda masana ke lissafawa cikin manyan wuraren da ƙura ke tashi a duniya. Kafin ta ƙetare ɗaruruwan kilomitoci ta iso Jihar Neja, mai nauyin cikinta ta zube a hanya, mai laushin ce ke ƙarasowa, ita ce hazon da hukumar NiMet ke gargaɗi a kansa duk shekara. A kanta kuma sai a ɗora hayaƙin ƙona daji da shara, da na janareto, da na man dizal. Masana na auna waɗannan ƙwayoyi da maikiron. Kaurin silin gashin mutum ya kai kimanin maikiron 70, alhali ƙwayoyin da ake kira PM2.5 ba su wuce maikiron biyu da rabi ba, shi ya sa suke zarcewa har can cikin ƙananan hanyoyin iska na huhu, inda asma ke zaune. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata matsakaicinsu a yini ya haura maikirogiram 15 a kowace kubik mita ta iska ba. Ranar da hazo ya sauka sosai a arewacin Najeriya, ana ninka wannan adadi sau da yawa.

Da wannan ma'auni ya kamata a duba abin da ake sayarwa. Takunkumin yadi yana tare ƙura mai gwaɓi, yana kuma da wani amfani da bai kamata a raina ba: yana ɗumama iskar da ake shaƙa, ya ba ta ɗan danshi, domin busasshiyar iska mai sanyi ita kanta tana tayar da asma ko da babu ƙura. Magabata sun san wannan, amawalin rawani da Buzaye da sarakuna ke rufe baki da hanci da shi ba don ado kaɗai aka yi shi ba. Sai dai ramukan saƙar yadi sun fi ƙwayoyin hazo girma nesa ba kusa ba, kuma duk ruɓin da aka ƙara, wahalar numfashi ta fi kariyar saurin ƙaruwa. Wanda zai sa na yadi, ya nemi na auduga mara nauyi, mai ɗinki a tsakiya da ke ɗaga shi daga leɓe.

Shuɗin nan na asibiti shi ne mafi sauƙin numfashi, kuma zanen tsakiyarsa yana tace ƙura fiye da yadi. Rauninsa a gefe yake. Iska kamar ruwa take, hanya mafi sauƙi take bi, saboda haka kaso mai yawa na abin da ake shaƙa yana shiga ne ta kumatu da gefen hanci ba tare da an tace shi ba. Ana iya rage wannan ta hanyar ƙulle igiyar kunnen kusa da gefen takunkumin, a cusa ragowar ciki, sannan a matse ƙarfen kan hanci da yatsu biyu.

Na uku su ne masu lamba: N95 na Amurka, KN95 na Sin, FFP2 na Turai da KF94 na Koriya ta Kudu. Lambar na nuna kason ƙananan ƙwayoyin da suke tarewa a gwaji, 95 ko 94 cikin ɗari. Mutane da yawa suna ɗauka cewa tunda sun fi tacewa, dole sun fi shaƙe mutum. Sau da yawa ba haka abin yake ba. Ba matsewar saƙa kaɗai ke aikin a cikinsu ba, zaren robar da ke tsakiya yana ɗauke da wani ɗan cajin lantarki da ke janyo ƙura ta manne masa, kamar yadda biro da aka goga a gashi ke ɗaukar gutsuren takarda. Ban da haka, masu siffar kwale-kwale ko bakin agwagwa suna tsayawa nesa da baki, suna da faɗin da iska za ta ratsa, ba sa faɗowa cikin hanci idan an ja numfashi. A ganina, ga mai matsalar numfashi, siffa ta fi komai muhimmanci bayan ingancin tacewa, kuma ita ce abin da masu saye ba sa dubawa.

Akwai kuma masu ɗan bawul a gaba ko a gefe, wanda ke buɗewa idan an fitar da numfashi. A zamanin korona an hana su a wurare da dama, domin suna fitar da numfashin mai shi ba tare da tacewa ba. Amma idan ƙura ake gudu, bawul ɗin alheri ne: zafi da danshi ba sa taruwa, fitar da iska ta fi sauƙi, ita ce kuwa ta fi wahalar da mai asma. Sharaɗin kawai shi ne kada mai mura ko tari ya shiga da shi cikin jama'a ko ɗakin majinyata yana zaton yana kare su.

Sai batun tsoron da ke sa mutane da yawa guje wa takunkumi baki ɗaya, wato cewa yana hana iskar oksijin shiga, yana tara gurɓatacciyar da aka fitar. A 2020 wasu likitoci a Miami ta Amurka sun gwada wannan a kan likitoci 15 masu lafiya da tsofaffin sojoji 15 masu fama da matsananciyar cutar toshewar huhu da ake kira COPD. Sun sa musu takunkumin asibiti, suka auna su a zaune da bayan tafiya, ba su ga wani canji na a zo a gani ba. Ƙwayoyin iskar gas sun yi ƙanƙantar da babu zaren da zai tare su. Jin shaƙewar da mutum ke yi gaskiya ne, amma galibi daga zafi da danshi da taɓawar yadi a fuska yake zuwa, sai fargaba ta ƙara masa gudu. Duk da haka, gwajin nan a kan na asibiti aka yi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta shawarci masu cutar huhu ko ta zuciya da su tuntuɓi likita kafin su soma amfani da N95, kuma shawara ce da ta dace a bi. Hanya mai sauƙi ita ce a fara gwada shi a gida na minti goma a zaune, gobe a ƙara, jibi a ɗan zagaya tsakar gida da shi, kafin a shiga titi.

Wajen saye, a yi hattara da jabu. Hukumar NIOSH ta Amurka ta gano cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na KN95 da ta gwada a 2020 da 2021 ba su cika ƙa'idar da suke iƙirari ba. N95 na gaske yana ɗauke da sunan NIOSH da lambar amincewa mai farawa da TC a jikinsa, kuma igiyoyinsa biyu suna zagaya ƙeya ne, ba a kunne ake rataya su ba. Wannan ya fi dacewa da masu hijabi, domin ana ɗaura shi ta sama ba tare da an taɓa lulluɓi ba, ga shi ba ya cin bayan kunne. Wanda aka zaro daga buhu a cunkoson motoci, babu kwali babu sunan kamfani, sai a ɗauke shi a matsayin abin da ya fi babu. Bayan an sa, a rufe shi da tafin hannu biyu a hura iska; idan an ji tana fita ta wajen ido, ko tabarau ya yi hazo, bai zauna ba. Masu gemu su sani cewa gashi yana hana shi mannewa da fata, don haka kariyar da za su samu ba za ta kai ta lambar da aka rubuta ba, ko da yake ta fi ta yadi.

Kulawa da shi ba ta da yawa. Ba a wanke mai lamba, ruwa da sabulu suna kashe cajin nan. A ajiye shi a ambulan ɗin takarda ya bushe, a yi ta amfani da shi har sai ya yi dauɗa, ko igiyar ta saki, ko numfashi ya soma nauyi a cikinsa. Na yadi kuwa kullum ake wanke shi, a ɗauraye sosai, a shanya shi inda ƙura ba za ta same shi ba. Wata al'ada da na sha gani a ofisoshinmu ita ce fesa wa takunkumi turare ko shafa masa man zafi domin ƙamshi. Ga mai asma, wannan daidai yake da kai abin da ke tayar masa da ciwo bakin hancinsa a ɗaure shi a wurin.

Takunkumi dai ba magani ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ne ke da asma a 2019, kuma ta yi ajalin 455,000, akasarinsu a ƙasashe marasa ƙarfi inda maganin shaƙa ke wuyar samu. Mu ma mun ɗanɗana, domin bayan da kamfanin GSK ya sanar a Agustan 2023 cewa zai daina gudanar da harkokinsa kai tsaye a Najeriya, farashin Ventolin da Seretide ya yi tashin gwauron zabo, har wasu suka koma dogaro da rufe hanci kawai. Wanda ke buƙatar shuɗin abin shaƙarsa fiye da sau biyu a mako, asmarsa ba ta kwanta ba, likita yake buƙatar gani. Idan kuwa ciwon ya taso, a cire takunkumin, a zauna a miƙe, a shaƙi magani. Mutumin da ya kasa ƙarasa jimla ɗaya saboda haki, ko leɓensa ya sauya launi, ko maganin bai yi masa aiki ba, asibiti za a nufa da shi nan take. Iyaye ma'aikata su kuma tuna cewa inshorar lafiya ta ma'aikatan tarayya tana ɗaukar 'ya'ya huɗu ne 'yan ƙasa da shekara 18. Yaron da ya shiga jami'a sau da yawa ya wuce nan, sai a tabbatar ya yi rajista a tsarin inshorar ɗalibai na makarantarsa tun kafin hunturu ya kama.

Ɗan yayata yanzu iri biyu yake riƙewa. Yana da mai siffar kwale-kwale da yake ɗaurawa tun daga ƙofar ɗaki, ba ya taɓa shi har sai ya shiga harabar jami'a, sannan ya mayar da shi ambulan. Da asuba, idan zai fita masallaci cikin sanyi, na auduga mara nauyi yake sa wa. Abin shaƙarsa ya tashi daga ƙasan jaka ya koma aljihun gaban riga. Baƙaƙen nan shida kuwa, da su yake goge ƙurar da ke kwanta wa kwamfutarsa.