Abin da ya kamata ku sani game da lasisin masu gyaran jirgin sama

Duk shekara maniyyata daga Kontagora da kewaye kan hau mota zuwa Minna ko Abuja su shiga jirgin Saudiyya. Suna addu'a, suna yaba direban jirgi in ya sauka lafiya. Amma kafin direban ya tayar da inji, akwai wani mutum da ba su gani ba wanda ya sa hannu a takarda cewa jirgin ya cancanci tashi. Shi ne injiniyan gyaran jirgi, kuma sa hannunsa ba ya aiki sai lasisinsa na da rai.

A garejin mota, yaro in ya yi shekarunsa a hannun maigida aka yaye shi, ya zama bakanike har tsufansa. A harkar jirgin sama babu yaye irin wannan. Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, ita ke ba da lasisin bayan karatu da jarrabawa da aiki a ƙarƙashin ƙwararru, ita ce kuma ke sabunta shi. Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, mai hedikwata a Montreal ta Kanada, ta ce mai lasisi ya zama ya yi aikin gyara ko duba jirgi na aƙalla wata 6 a cikin wata 24 da suka wuce. In bai yi ba, ba zai sa hannu ba sai ya sake gamsar da hukuma cewa hannunsa bai mutu ba.

Lasisin ma ba na kowane jirgi ba ne. Wanda aka horar a kan Boeing 737 ba zai sallami Airbus ko Embraer ba sai ya yi kwas na wannan samfurin an rubuta masa a lasisinsa. Kamfanonin da ke ƙera jirage kuma ba sa daina aiko da sanarwa: an gano tsagewa a wuri kaza, a canza waya kaza, a riƙa duba abu kaza bayan awa kaza na tashi. Littafin gyaran da mutum ya haddace shekara biyar baya ya riga ya canza. Shi ya sa ake mayar da injiniyoyi aji lokaci-lokaci, har da darasi a kan gajiya da gaggawa da yadda za ka ce wa na sama da kai a'a.

Wannan darasi na ƙarshe shi ne wanda na fi so mai karatu ya riƙe, domin mun biya kuɗinsa da rayuka. Ranar 11 ga Yuli, 1991, wani jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda ke jigila da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda ɗauke da alhazai zuwa Sakkwato. Tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska. Kanikawa sun lura da haka kwanaki kafin tafiyar, amma aka gyara lambobin da ke cikin takarda maimakon a gyara tayoyin. A safiyar ranar babban bakanike ya nemi iskar nitrojin da ake hura wa tayar jirgi, ba a samu nan take ba, mai kula da jigilar kuma bai yarda a jinkirta ba. Tayoyi biyu suka fashe a kan titin tashi, suka kama da wuta, aka naɗe su cikin jirgi da wutar. Jirgin ya juyo zai sauka, bai kai ba. Mutum 261 suka rasu, babu wanda ya tsira. Masu bincike sun gano cewa mutanen da suka yanke shawarar tafiya ba su san girman haɗarin taya mai ƙarancin iska ba. Abu ne da horo na 'yan awoyi zai iya koyarwa.

Don haka idan aka ce jirginku ya makara saboda ana duba wani abu, ku yi haƙuri da zaman. Wani ne ya ƙi sa hannu, kuma ƙin nan nasa yana daga cikin abin da aka horar da shi a kai.

Horon yana da tsada, galibi da dala ake biya, wani lokaci sai an tura mutum ƙasar waje. Kamfanin da kuɗi suka yi masa ƙaranci nan yake fara tsuke hannu, saboda fasinja ba ya gani. Aikin masu sa ido na NCAA ne su buɗe fayil ɗin kowane injiniya su duba ranar da ya yi kwas na ƙarshe.

Ga matashin Kontagora mai sha'awar wannan sana'a, Kwalejin Koyon Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana koyar da gyaran jikin jirgi da injinsa, da kuma ɓangaren lantarki da na'urori. Ana buƙatar lissafi da fiziks da Turanci mai kyau, domin da Turanci ake rubuta littattafan gyaran.