Ajiye Injin Jirgin Ruwa a Lagdo

A ƙasashen Turai da arewacin Amurka, mai ƙaramin jirgin ruwa yakan cire injinsa ya ajiye idan sanyi ya shigo, saboda ruwan da ya rage a cikin inji yana iya daskarewa ya fasa ƙarfe. A arewacin Kamaru ruwa ba ya daskarewa. Hunturu ma lokacin aiki ne ga masunta. Amma su ma suna da watannin da inji ke zaune ba aiki.

Garwa, babban birnin Yankin Arewa na Kamaru, tana bakin kogin Binuwai. Wajen kilomita 50 daga garin, ta kudu maso gabas, akwai madatsar ruwa ta Lagdo, wadda wani kamfanin ƙasar Sin ya gina daga 1977 zuwa 1982. Tafkin da ya taru a bayanta ya jawo masunta daga wurare da yawa: Musgum da Kotoko daga arewa mai nisa, Hausawa da sauran mutanen Nijeriya, har da na Cadi da Mali. Suna kama karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa. Hukuma takan hana su a tafkin wata uku, daga farkon Yuli zuwa ƙarshen Satumba, don kifi ya samu ya hayayyafa. Jiragen da ke kai mutane kasuwa suna ci gaba da aiki, akwai kuma masu satar hanya su shiga ruwa da dare, amma injin masunci mai bin doka sai ya jira Oktoba.

Injin da aka fi gani shi ne Yamaha, mai ƙarfin doki 15 ko 25 ko 40. Ana ɗaura shi a bayan jirgi, kansa a sama, ƙafarsa da farfela a cikin ruwa. Sau da yawa ya fi jirgin kansa tsada, kuma ba kowa ke sayensa da kuɗin hannu ba. Wani bashi ne daga ɗan kasuwar da ke sayen kifinsa. In inji ya ƙi tashi ran da aka buɗe su, bashin yana nan, kifin kuwa wasu sun kama.

Aikin farko shi ne wanki. Injin yana zuƙo ruwan tafki don ya huce, ruwan damina kuwa laka ne da yashi. Sai a cika durom da ruwa mai tsabta, a tsoma ƙafar injin a ciki, a tayar da shi na 'yan mintoci. Ba a tayar da shi a tudu ko da na ɗan lokaci, don famfon ruwansa na roba ne, in ya juya a bushe nan da nan yake ƙonewa.

Daga nan sai maganar mai, wadda ita ce ta fi kawo wahala. Irin wannan inji ba shi da wurin zuba baƙin mai dabam. Ana gauraya man inji da fetur a tanki ɗaya, yawanci lita 1 a cikin lita 50. In aka bar wannan haɗi a cikin kafireta, wato inda mai ke gamuwa da iska, fetur yakan bi iska ya tafi, ya bar wani abu mai danƙo kamar ƙaro. Hanyoyin da mai ke bi a kafireta ba su fi kafar allura ba, saboda haka danƙo kaɗan ya isa ya toshe su. Garwa tana cikin garuruwan da suka fi zafi a Kamaru, ko da damina fetur ba ya daɗewa bai lalace ba. Ga shi kuma yawancin man da ake samu a bakin tafki na bumburutu ne, wanda ake shigowa da shi daga Nijeriya a jarkoki, mutanen wurin suna ce masa zuwa-zuwa. Ba a rasa ƙura ko ɗigon ruwa a cikinsa, ruwa kuwa ya fi fetur nauyi, ƙasan kafireta yake kwanciya ya ci ƙarfe. Maganin bai da wuya. Tun injin yana aiki a cikin durom, sai a cire tiyon mai a bar shi ya sha abin da ya rage har ya mutu da kansa. Wasu a nan suke tsayawa, amma bai isa ba. Akwai ƙaramin noti a gindin kafireta, sai an kwance shi sauran man zai zube.

Bayan haka a cire fulogi. Wannan kalma daga Turanci Hausa ta aro ta. A ƙasashen da ke aiki da Faransanci an fi jin buji, kamar yadda ake jin isansi a maimakon fetur. A ɗiga man inji kamar ƙaramin cokali a ramin kowane fulogi, a ja igiya a hankali sau uku ko huɗu don man ya shafi ko'ina, sannan a mayar. Wannan ne ke hana tsatsa kama fistin.

A ƙafar inji akwai man giya. Noti biyu gare shi, ɗaya sama ɗaya ƙasa. In aka kwance su man ya fito fari kamar nono, to ruwa ya shiga. Mafi yawa zaren taru ne ko na ƙugiya ya naɗe a bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa. Shi ya sa ake cire farfela a duba, a shafa giris a mayar. Sabon man giya ta ramin ƙasa ake ɗura shi har ya ɓullo ta na sama. In aka zuba ta sama iska takan tsaya a ciki, mutum ya ɗauka ya cika alhali bai cika ba.

Inji a tsaye ake ajiye shi, a rataye a jikin katako a cikin ɗaki. In dole ne a kwantar da shi, kai ya fi ƙafa tudu, don kada ragowar ruwa ya gangaro cikin silinda. A rufe shi da buhu ko tsohon zane. Leda tana tara gumi da damina. Ɓera yakan ci waya, zanzaro kuma yana son ɗan ramin da ruwa ke fita ta gefen inji, ya cika shi da laka ya yi ɗaki. Kowane mako biyu mai inji yakan ja igiya sau ɗaya ko biyu don kada ciki ya cije.

Kwana biyu ko uku kafin a buɗe su, sai a haɗa sabon mai, a koma ga durom. In inji ya tashi, abin da ake fara dubawa shi ne wancan ɗan ramin. In ruwa yana fita da ƙarfi, famfo yana aiki. In ba ya fita, a kashe inji nan take, a zura siririyar waya a ramin, in bai buɗe ba a kai wa bakanike.