Sanin Malam-Buɗe-Littafi da Ido

Jama'a, duk wanda ya taɓa ratsa duwatsun Roni ko bakin dam ɗin Kazaure da hantsi a ƙarshen damina ya ga malam-buɗe-littafi iri iri. Amma mu suna ɗaya muke kiransu da shi, alhali kuwa littafin da wani masani mutumin Denmak, Torben Larsen, ya fitar a 1991 ya yi na Kenya, wanda ya fitar a 2005 kuma ya lissafa wajen iri 1,500 a Afirka ta Yamma kaɗai. To, akawu ko malamin makaranta da ya tashi aiki yana iya koyon rarrabe na ƙasarsa ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

Da fari a raba shi da faɗa-wuta. Malam-buɗe-littafi da rana yake yawo, in ya sauka yakan haɗe fukafukansa a tsaye, gashin nan biyu na kansa kuwa kowanne da ɗan ƙulli a ƙarshe. Faɗa-wuta galibi sai dare, ba shi da ƙullin nan.

Sa'an nan a bi su ta itacen da tsutsarsu ke ci, gama kowane iri da nasa. A je gindin tumfafiya, za a ga wani ja-ja mai baƙin gefe da farin ɗigo, fukafukansa na baya fari-fari, yana tashi a hankali kamar ɗan sarki. Dalili kuwa tsutsarsa ta ci ganyen tumfafiya ta tara dafinsa, tsuntsun da ya ɗanɗana shi ba ya ƙarawa. Akwai wani iri dabam wanda matarsa ke kama da wannan ƙwarai, don haka tsuntsaye ke ƙyale ta, mijinta kuwa baƙi ne mai farare-fararen tabo kewaye da shuɗi.

A wurin tafasa da rai-ɗore akwai wani fari mai saurin tashi, matarsa wani lokaci rawaya ce. Inda anza da jiga suke, kamar wajen Babura da Gwiwa, a nemi ƙanana farare masu jan baki a ƙarshen fiffike. Babban nan baƙi mai ɗigon rawaya kuwa na lemo ne. Tsutsarsa tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take, tana iya cinye ganyen dashen lemo ƙarƙaf. Mai lambun da ya san ta sai ya tsince ta da hannu, ba sai ya yi feshin da zai hallaka ƙudan zuma ba.

Kada a raina su. Akwai wani mai ruwan ƙasa da ɗige-ɗige wanda ke ƙetare hamadar Sahara tsakanin Turai da ƙasashenmu. A 2024 masana suka bayyana cewa waɗansunsa sun tashi daga Afirka ta Yamma sun ƙetare teku har Amurka ta Kudu, tafiyar kilomita 4,200.

Shawararmu ita ce a sami ɗan littafi, a riƙa rubuta kwanan wata, da wuri, da launi, da itacen da aka gan shi a kai. Malamai su fita da yara daga Agusta zuwa Oktoba, kallo kawai, ban da kamu. In aka sare anza da jiga a wani gari, irin da ke rayuwa a kansu zai ƙaura, kuma littafin nan ne zai fara ba da shaida. Allah ya sa mu amfana, amin.