Hoto Shaida Ne: Dajin Falgore Da Duwatsun Riruwai

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Jos daga Kano ya san wurin. In mota ta rabu da hanyar Zariya a Kwanar Dangora, ta wuce Tudun Wada, sai gonaki su fara ja da baya, itatuwan doka da maje su matso bakin titi, can gaba kuma duwatsu su leƙo. Wannan shi ne Dajin Falgore, wajen kilomita 150 daga birnin Kano. Galibinmu mukan ratsa shi da addu'a a baki, idonmu a kan hanya, muna ɗokin mu fita lafiya. Kaɗan ne a cikinmu suka taɓa tsayawa su dube shi, balle su ɗauki hotonsa.

Dajin nan ba ƙarami ba ne, ya wuce murabba'in kilomita 900. Turawa suka keɓe shi cikin shekarun 1940 da sunan gandun Kogin Kano, daga baya cikin shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji. Kogin Kano yana ratsa shi kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama ginawa a 1974, aikin da aka soma a zamanin Gwamna Audu Bako. Watau ruwan da manoman Kadawa da Kura suke noman rani da shi, ta gindin itatuwan nan yake biyowa. A watan Disamba na 2020 Gwamnatin Tarayya ta sa sunan Falgore cikin gandaye goma da ta amince a mayar gandayen ƙasa.

To, me ke cikinsa? Dattawan Doguwa sukan ba da labarin gwanki da kanki da mazo da batsiya, da gadu mai gudu da wutsiya a tsaye, da garken gwaggon biri a kan duwatsu. Mu da muke koyarwa mukan tambayi yara a aji, wa ya taɓa ganin gwanki? Sun san kirarinsa, gwanki sha bara, amma ba su san kamanninsa ba. In muka buɗe littafi domin mu nuna musu, sai mu tarar hoton daga Kenya ko Tanzaniya aka ɗauko shi. Na dajinmu fa? Farauta da ƙunar daji da saran itace domin gawayi da yawan kiwo sun rage namun ƙwarai, ga shi labari kawai ya rage a hannunmu. Labari kuwa ana iya musunsa, gama kowa ya san bakin maharbi ba ya rasa gishiri.

Hoto ba haka yake ba. A ƙasar Amurka, a 1871, wani mai ɗaukar hoto, William Henry Jackson, ya bi ayarin masu safiyo zuwa wani daji mai duwatsu da maɓuɓɓugan ruwan zafi, sunansa Yellowstone. Kafin wannan lokaci mutane da yawa suna ɗaukar labarin wurin tatsuniyar maharba ce. Kayan aikinsa a kan alfadarai aka ɗora, gama a kan faifan gilashi ake ɗaukar hoto a zamanin, a kuma wanke shi nan take cikin tanti. Aka kai hotunan gaban 'yan majalisa, suka taimaka wajen shawo kansu, a watan Maris na 1872 aka sa hannu a dokar da ta keɓe wurin. Shi ne ake lissaftawa gandun ƙasa na farko a duniya.

Ba sai mun tafi nesa haka ba. A 2020 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta fitar da hotuna daga duwatsun Mbe a Jihar Kuros Riba. Kyamarori ne da ake ɗaurewa a jikin itace, su ɗauki hoto da kansu in wani abu ya gitta. Sai ga garken manyan biran nan da ake kira gorila, har da jarirai a bayan iyayensu. Irinsu wajen 300 ne kawai aka ƙiyasta sun rage a duniya. Hotunan suka nuna cewa tsaron da mutanen ƙauyukan wurin suke yi bai tafi a banza ba.

Abin da Jackson ya ɗora wa alfadarai, yau yana cikin aljihun ɗan makaranta. Saura sanin yadda za a yi da shi.

Mu fara da duwatsu, gama su ba sa gudu. Duwatsun Riruwai, hedkwatar ƙaramar hukumar Doguwa, ragowar tsohon dutse mai aman wuta ne, tun kafin zuwan Turawa kuma aka san garin da narka kuza. Mai son hotonsu ya jira ƙarshen damina, Satumba zuwa Oktoba, sa'ad da ruwa ya wanke sararin sama, ciyawa tana kore, rafuffuka suna gangarowa. Cikin hunturu hazo yakan shafe su, su fito fari fat kamar an zana su da toka. Rana tsaka ma ba ta da amfani, domin haske yana sauka daga bisa, inuwa ta ɓace, dutse ya zama kamar bango. Da sassafe ko bayan la'asar, sa'ad da rana take haskowa daga gefe, kowane kwari da kowace tsaga sai su bayyana. A bar itace ko mutum a gefen hoton, in ba haka ba mai kallo ba zai san ko dutse ne ko suri ba. Haka nan duwatsun Rurum kusa da Tiga, in tafkin ya kwanta da asuba.

Namun daji kuwa akasin haka ne. Lokacin da dutse ya fi kyau, lokacin ne ciyawa ta fi mutum tsawo, ko giwa ce a ciki ba za a gan ta ba. Sai daga Fabrairu zuwa Afrilu, da daji ya bushe, kowace dabba ta nemi inda ruwa ya rage. Nan ne mai kyamara yake bukatar ilimin maharbi: ya zauna tun duhu, iska tana busowa daga wajen dabbar zuwa gare shi, tufafinsa masu kalar ƙasa, bakinsa a rufe. Ya jingina hannu a jikin itace domin kada hoton ya girgiza. Jawo hoto da yatsa a waya ba ya kawo dabba kusa, ɓata hoton kawai yake yi. Tsuntsaye sun fi sauƙi: zabin daji, fakara, burtu mai tafiyar ƙasaita, shamuwa da farkon damina. Ko sawu da kashi ma shaida ne, in an ajiye kwalin ashana a gefe domin a gane girmansu.

A ganinmu, hoton da ya fi kowanne daraja ba lalle ne ya zama mai ban sha'awa ba. A zaɓi wuri ɗaya, a ce gindin wata tsamiya da ke duban tudu, a ɗauki hoto daga nan a wata ɗaya kowace shekara, a rubuta rana da sunan wurin. Bayan shekara biyar za a ga ko itatuwa suna ƙaruwa ko suna ƙarewa, ba mai iya gardama. Makarantar da ke Kiru tana iya yin wannan a gefen Dajin Dansoshiya, ta Bebeji a bakin tafkin Bagauda. Aikin bai fi ƙarfin 'yan aji shida ba.

Sai dai a yi hattara. Falgore ya daɗe da suna wajen 'yan fashi da ɓarayin shanu, har sojoji suka shiga cikinsa a 2017 a atisayen Harbin Kunama na biyu. Kada kowa ya kutsa shi kaɗai, balle da yara. A nemi izinin malaman daji da mai unguwa, a tafi da ɗan gari, a kauce wa ɗaukar sojoji da wurarensu. Makiyayi da iyalinsa ba namun daji ba ne, a gaishe su, a tambaya kafin a ɗaga waya. Wanda kuma ya yi sa'ar ɗaukar wata dabba da ta yi ƙaranci, ya nuna wa malaman daji, amma kada ya baza ainihin wurin a Facebook, gama masu bindiga ma suna da waya.

Akwai kuma roƙo ga iyaye. Cikin shekarun 1970 da 1980 makarantu da iyalai da yawa sun je yawon buɗe ido Tiga da Bagauda da Falgore, an kuwa ɗauki hotuna. Wasu suna nan a ƙasan akwati, gara tana neman su. A fito da su, a tambayi mai su shekara da wurin tun yana iya tunawa, a rubuta a baya da fensir, sa'an nan a ɗauke su da waya domin a sami na ajiya.